Lakwal ta cikin fim da lakwal ta bakin tabki: abin da ke jan ƴan makarantar Madarunfa

Garin Madarunfa, wanda ke kudu da Maraɗi, an fi saninsa da tabkinsa da kuma kaburburan waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da ruwan. Gundumar da ke ɗauke da sunansa ta haɗa da Jiratawa mai lambunan zogale, da Safo, da Gabi, da Sarkin Yamma, ta miƙe har Ɗan Isa, inda daga nan sai iyaka, sai Jibiya, sai Katsina. Wannan hanya ita ce jijiyar yankin tun kaka da kakanni. Ta nan atamfa da man fetur suke shigowa, ta nan dabbobi da wake suke fita, ta nan kuma, tun shekarun 1990, wata irin haja marar nauyi take ratsowa ba tare da ɗan duwan ya kula da ita sosai ba, wato fina-finai.

Da fari a kaset suke zuwa. Mai ɗan jari ya kafa rumfa, ya kewaye ta da zana, ya aje telebijin da bidiyo da injin wuta da ƴan bencina, yara su biya ƴan daloli su shiga. Bayan kaset aka yi zamanin faifai, yau kuwa sai mutum ya miƙa wayarsa ga mai tura fina-finai a bakin kasuwa ko tasha, a cika masa kati, ya koma gida ya raba wa abokai. Fina-finan Kano su ke kan gaba, ba mai gardamar wannan, tun da masana'antar ta soma da Turmin Danya a 1990. Na Indiya suna biye, balle yanzu da kamfanoni irin su Algaita suke juya su zuwa Hausa. Sai na faɗa da harbe-harbe. Amma a tsakanin ƴan kwaleji da ƴan lise, waɗanda kunnensu ya saba da Faransanci, akwai wani nau'i da ke da nasa masoya, ko da yake ba su kai na sauran yawa ba. Su ne fina-finan barkwanci da ake shiryawa kan zaman ɗalibai a makarantar sakandare ta Amurka ko ta Faransa: wa ke abota da wa, wa ake tsoro, wa ake yi wa dariya, wa zai raka wa zuwa rawar ƙarshen shekara.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa kifi da kaska? Yaron da ya taso da asuba ya taka sayyada kilomita da dama, ko yarinyar da sai ta gama ɗiban ruwa da daka kafin ta ɗauki jakarta, me za su tsinta cikin labarin ƴaƴan masu hali da ke tuƙo motocinsu zuwa makaranta, kowa da akwatin ƙarfe na aje littattafai a jikin bango? Amsar tana da rassa biyu. Akwai abin da suke gani su gane shi nan take don nasu ne. Akwai kuma abin da suke gani su yi shiru, don ba su da shi.

Inda abin ya samo asali

Irin waɗannan fina-finai ba daga sama suka faɗo ba, makaranta ce ta haife su. A Amurka, a shekarar 1910, cikin matasa 100 kimanin 9 kaɗai ke gama sakandare. Kafin 1940 adadin ya kai rabi. Da aka tara miliyoyin yara masu shekara 14 zuwa 18 wuri guda, yini bayan yini, nesa da gona da masaƙa da idon iyaye, sai suka zama wata al'umma mai kanta, da salon maganarta, da tufafinta, da kiɗanta, da manyanta da talakawanta. Ƴan kasuwa suka hango riba, aka soma buga musu mujallu irin su Seventeen a 1944, masu silima kuma suka bi sahu.

Wanda ya fi kowa gyara wa wannan nau'i zama shi ne John Hughes, wanda ya yi yawancin fina-finansa a unguwannin kewayen Shikago. A cikin The Breakfast Club na 1985, ya kulle ɗalibai biyar a ɗakin karatu ranar Asabar, horo ne ake yi musu saboda laifuffuka daban-daban. Akwai ɗan kokawa da makaranta ke alfahari da shi, abin da ba sai an yi wa mutumin Maraɗi dogon bayani ba. Akwai haziƙin da littafi ne abokinsa, da ƴar masu kuɗi, da ɗan tauri mai neman rigima, da wata yarinya da kowa ke ɗauka tana da taɓin hankali. Da safe ba mai son kallon wani. Kafin la'asar kowa ya fallasa abin da ke cinsa a gida, sun gane cewa ciwon ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta. Amma fim ɗin bai ɓoye tambayar da ta fi zafi ba: ran Litinin, in an haɗu a gaban jama'a, ƴar masu kuɗi za ta gaida haziƙin ko za ta kau da kai?

Faransawa suna da nasu. A 1980 aka fito da La Boum na Claude Pinoteau, wanda ya fito da Sophie Marceau tana yarinya, kuma sunan da ɗalibai a ƙasashe masu Faransanci ke kiran ƴar walimar rawarsu, wato bum, shi ne sunan fim ɗin. A wannan shekara dai Claude Zidi ya yi Les Sous-doués, labarin wata makarantar kuɗi a Versailles da ɗalibanta ba wanda ke cin jarrabawar bak, har ta kai an ba su zaɓi tsakanin cin jarrabawa da zaman kaso, suka shiga ƙirƙiro dabarun satar amsa iri-iri. Duk wanda ya taɓa kwana yana haddace darasi a ƙarƙashin fitilar titi saboda bak ya san dalilin da ya sa wannan fim bai tsufa ba. Indiyawa ma ba a bar su a baya ba. Jo Jeeta Wohi Sikandar na 1992, wanda Aamir Khan ya fito a ciki, ya kafa gaba tsakanin makarantar talakawa da ta ƴaƴan attajirai a garin Dehradun, aka raba gardama da tseren keke.

Abin da suka gane

A farfajiyar kowace kwaleji, daga Madarunfa har Lise Ɗan Baskore ta Maraɗi, akwai tsari na girma da ƙasƙanci wanda ba darakta ne ya rubuta shi ba. Ɗan aji uku, wanda ke shirin birbe, ba sa'an ɗan aji shida ba ne da ya shigo jiya. Ɗan gari yana ganin ya fi wanda ya zo daga ƙauye yake zaune a gidan mai masauki. Ɗan ma'aikaci da ke jin Faransanci tun a gida yana da wani tinƙaho a kan ɗan manomi da sai ya fassara magana a zuci kafin ya buɗe baki, in ya yi tuntuɓen harshe aji ya fashe da dariya, sunan tsokana ya bi shi har ƙarshen shekara. Akwai mai babur, akwai mai keke, akwai mai ƙafa. Akwai mai babbar waya da wanda ke leƙe ta kafaɗarsa.

Don haka in fim ɗin Mean Girls na 2004 ya nuna taswirar ɗakin cin abinci, kowane teburi da ƙungiyar da ke zama kansa, ɗalibin Madarunfa ba ya buƙatar tafinta. Makarantarsa ba ta da ɗakin cin abinci, amma tana da inuwar bedi, kuma ya san wace inuwa ce ta su wa. Ya san wa ke zuwa wajen mai ƙosai ya saya wa abokai, wa ke yin kamar ba ya jin yunwa.

Wannan fim yana da wani abin mamaki ga mai kallo na nan. Tauraruwarsa, Cady, yarinya ce mai shekara 16 da ta tashi a Afirka tare da iyayenta masu binciken namun daji, ba ta taɓa zama aji ba sai da suka koma Amurka. Masu fim ba su ma damu su faɗi wace ƙasa ce ta Afirka ba, kamar dai nahiyar duka daji guda ne. Wannan raini ne, kuma ɗalibai suna lura da shi. Amma dabarar labarin ta juyar da rainin: yarinyar tana kallon ƴan makarantar Amurka sai ta ga namun daji a bakin mashaya, ana gurnani, ana nuna ƙarfi. Baƙuwa ce da ke koyon dokokin da ba a rubuta ba, daidai da yarinyar da ta baro ƙauyensu a yankin Gabi ta shigo aji shida a gari. Kuma abin da Cady ta yi don ta samu karɓuwa, wato ta riƙa faɗuwa lissafi da gangan alhali ta fi kowa iyawa, don kawai wani saurayi ya kula ta, ba baƙon abu ba ne ga malaman da suka ga ɗaliba mai ƙwazo ta daina ɗaga hannu a aji don kada a ce ta cika rawar kai.

Ƙasar Hausa ma ba yau ta soma ba matasa filin kansu ba. A da akwai samariya da sarkin samarinta da muƙamanta, wadda gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da ita bayan 1974 ta mai da ita makamin aikin gayya da na siyasa. Akwai dandali da daren farin wata. Akwai wasan kara bayan girbi, inda samari ke kwaikwayon masu mulki, da tashe a watan azumi, inda yara ke yi wa manya shaguɓe a ba su sadaka a kai. Wasannin su Yazi Dogo da ƙungiyarsa ta Damagaram, shi da yake malamin makaranta ne, sun sa ƙasa duka dariya a telebijin da wannan salo na tsokanar mai iko. Daga shekarun 1990 kuma aka samu fada, inda samari ke zama kewaye da butar shayi, su raɗa wa ƙungiyarsu suna su rubuta a bango, su naɗa shugaba, su kafa dokoki. Masaniya Adeline Masquelier ta rubuta littafi sukutum kan fada a 2019, inda ta nuna cewa zaman ba lalaci kawai ba ne, wuri ne da matashin da aiki bai samu ba, aure bai yiwu ba, yake samun mutunci a idon tsararsa. To, mushen da ake ɗaure wa tarko a fim, da daraktan da ɗalibi ke wasa da hankalinsa kamar a Ferris Bueller's Day Off na 1986, dangin wasan kara ne. Mai ƙaramin ƙarfi yana rama wa kura aniyarta na awa ɗaya da rabi, gobe ya koma aji ya sunkuyar da kai.

Abin da ba su da shi

Reshe na biyu ya fi nauyi, kuma shi ne ainihin sirrin. A cikin waɗannan fina-finai, kunya ba ta kisa. Yarinya ta yi abin kunya a gaban makaranta duka, ta yi kuka, ta kulle kanta a ɗaki, bayan mako guda an manta. Yaro ya yi ƙarya ya ce shi ɗan attajiri ne, kamar yadda jarumin fim ɗin Aamir Khan ya yi, asiri ya tonu, ya sha dariya, ya gyara hali. Kowa yana da shekara huɗu na yin kuskure, kuma kuskuren ba ya bin sa zuwa gaba. Iyaye suna can gefe, ba a cika ganinsu ba. Ba mai zancen sadaki. Babbar damuwar mai shekara 17 ita ce rigar da za ta sa ran rawa.

A jahar Maraɗi lissafin daban yake. Ƙididdigar da UNICEF ke amfani da ita, wadda aka ɗauko daga binciken 2012, ta nuna cewa a Nijar mata 76 cikin 100 an yi musu aure kafin su cika 18, 28 kuma kafin 15. A jahar Maraɗi adadin ya kai 89, ba jahar da ta kai ta. Dokar farar hula ta ƙasa ta aje shekarar auren mace a 15, na namiji a 18, yawancin aure kuwa bisa al'ada ake ɗaura shi ba a leƙa wannan doka ba. Ma'ana, shekarun da fim ke nunawa a matsayin lokacin raha da shirme, ga mafi yawan ƴanmatan yankin lokacin goyo ne. Wadda ta samu ta kai aji huɗu ko aji uku na kwaleji ta san cewa a kan siraɗi take tafiya. Magana guda a bakin rijiya, cewa an gan ta tana hira da wane a hanyar lakwal, ta isa uba ya ce karatu ya isa haka. A Mean Girls akwai wani littafi da ƴanmata ke rubuta ƙazafi kan ƴan uwansu, da ya fasu makaranta ta hargitse, aka tara su a zaure aka sa su neman gafarar juna, magana ta mutu. A nan, hoto ɗaya ko saƙon murya ɗaya da ya yi yawo a WhatsApp yana iya zama ƙarshen karatun yarinya, ba kuwa zauren da za a tara kowa a warware.

Samarin ma ba su tsira ba, sai dai nasu ya sha bamban. Da yawa ba sa kai birbe. Wani ya bi ƴan fataucin mai a kan iyaka, wani ya hau kabu-kabu a Maraɗi, wani ya tafi ci-rani Kano ko Legas ko Agadas. Waɗanda suka yi karatu a shekarun 1990 suna tuna yadda yajin aiki da rashin biyan albashi suka sa aka soke shekarun karatu ɗungum, bayan harbin ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai ran 9 ga Fabrairu 1990 da karyewar darajar sefa a Janairu 1994. Na yanzu kuma sun taso cikin fargabar ƴan bindiga masu satar mutane da shanu da ke tsallako iyaka, abin da ya rage wa ƙauyukan kudancin gundumar hirar dare. Ko ginin makarantar abin dubawa ne. Mai kallon doguwar baranda mai walƙiya da filin wasa mai ciyawa ya san ajin zana, ya kuma san abin da ya faru a Maraɗi ran 8 ga Nuwamba 2021, lokacin da gobara ta tashi a irin waɗannan azuzuwa ta hallaka yara ƙanana fiye da 20.

Saboda haka kuskure ne a ɗauka motoci da tufafi ne ke jan su. Fina-finan Kano da na Indiya sun fi nuna dukiya, gidajen bene da gwala-gwalai. Abin da fim ɗin makaranta ke da shi wanda sauran ba su da shi, shi ne lokaci: wani tsibiri tsakanin ƙuruciya da girma inda mutum zai gwada hali ya canza, ya yi abota ya ɓata, ya so ya fasa, ba a ɗaura masa komi a wuya ba. Ba laifi a tuna cewa tsibirin na ƙarya ne ko a can. Rachel McAdams, wadda ta fito a sarauniyar miyagun ƴanmatan Mean Girls, shekararta 25 lokacin da fim ya fito, kuma makarantun Amurka na gaske suna da nasu bala'in da barkwanci ba ya taɓawa. Amma mai jin ƙishirwa ba ya tambayar wa ya haƙa rijiya.

Iyaye da malamai suna da hujja in sun yi ƙorafi. Wasu daga cikin fina-finan, irin su American Pie na 1999 da ƴan uwansa, batsa ce tsagwaronta, ba abin da yaro zai ƙaru da shi, kuma mai tura fina-finai ba ya tambayar shekarun mai waya. A da, a rumfar bidiyo, ko ba komi ana kallo cikin jama'a, babba yana iya leƙowa. Yau kallon ya koma ƙarƙashin bargo. Maraɗi kuwa gari ne da ba ya wasa da zancen tarbiyya, kowa yana tuna tarzomar Nuwamba 2000 kan bikin nunin tufafi na FIMA, wanda a Yamai aka yi shi amma wutarsa ta kama har nan. Sai dai haɗa kowane fim a kwando guda a ce duka fitsara ne yana sa a kasa jin abin da yaran ke faɗa da dariyarsu. Wanda ya hana su kallo bai ba su abin da suke nema a ciki ba.

Me ya sa ba a yi namu ba?

Abin lura shi ne, duk da yawan fina-finan Hausa, wannan fage kusan fayau yake. Mansoor na Ali Nuhu, wanda ya fito a 2017, ya soma da soyayyar ɗalibai biyu, amma nan da nan ya koma zancen asali da neman uba. Shirin MTV Shuga na Najeriya ya kawo Rahama Sadau a matsayin malama a 2018, sai dai wa'azin kiwon lafiya ne aka yi wa rigar wasa. Da tallar wani fim mai suna Makaranta ta bazu a intanet tsakanin ƙarshen 2021 da farkon 2022, da kalamai na fitar da tsiraicin magana, hukumar tace fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ta tashi tsaye a kansa, jama'a suka yi ca. Tun daga nan duk mai son ya kai kyamara farfajiyar sakandare sai ya yi tunani sau biyu. Kudancin Najeriya da Afirka ta Kudu sun yi nasu, Far From Home a 2022 da Blood & Water a 2020, amma makarantun ƴaƴan attajirai ne, kwafin na Amurka, kuma ba barkwanci ba ne.

Alhali kayan dariya na nan jibge, masu tsabta, ba a taɓa su ba. Ɗan ƙauyen da ya zo gidan mai masauki aka mai da shi ɗan aike. Wasiƙar soyayya da aka rubuta da Faransancin ƙamus ta faɗa hannun mushen lissafi. Shugaban ɗalibai da ke kiran yajin aiki ran da bai yi aikin gida ba. Kakar da ke zuwa lakwal da sandarta don an ce jikarta ta samu sifili. Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya aje Hausa a matsayin harshen ƙasa, ba sauran dalilin da zai sa ɗalibin Madarunfa ya jira sai an fassara masa rayuwar wani kafin ya yi dariyar tasa.

Mai shirya irin wannan fim zai ci karo da matsala ɗaya tak da John Hughes bai sani ba, wato yadda zai rufe labari. Na Amurka da rawa suke ƙarewa, an naɗa sarki da sarauniya, Cady ta kakkarya kambinta ta raba wa kowa. Gwamnatin Nijar ta sa hannu kan dokar kare karatun ƴa mace ran 5 ga Disamba 2017, gwamnatin Mohamed Bazoum kuma ta soma gina wa ƴanmata makarantun kwana kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, amma har yanzu shekarar ɗalibin aji uku ba da rawa take ƙarewa ba. Tana ƙarewa ne a farfajiyar cibiyar jarrabawa, da damina ta riga ta sauka, iyaye da ƙanne sun cika wuri, shugaban alƙalan jarrabawa ya miƙe da takarda yana kiran sunayen waɗanda suka ci birbe ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ji sunansa ya ruga da gudu yana ihu, abokai na bin sa. Wadda ba ta ji nata ba takan tsaya har a kira na zagaye na biyu, sannan ta ja mayafinta ta kama hanyar gida, inda sau da yawa an riga an karɓi goron wani.